Amsa Sallama da Tagulla a Baki

Ku da kuke zuwa garaji yanzu da waya a hannu, kuna ganin kanikanci bai wuce a cire tsoho a sa sabo a wanke hannu ba. Kwanan baya wani cikinku ya nuna mini ƴar kamara mai dogon wutsiya, wadda ake zurawa ta ramin buji, wato filogi, a ga cikin silinda tar a fuskar waya. Na karɓa na jujjuya ta, har cikin butar shayi na zura ta don in ga ko da gaske ne, kuma ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma da na tambaye shi, to in ka ga abin da ya faɗa, da me za ka fito da shi, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Shi ya sa nake son in ba ku labarin motar Baba Hamani.

Ni Isufu mutumin garin Tawa ne, amma a nan unguwar Lazaret gemuna ya fito, a nan kuma ya yi fari. Wanda ya koya mini aiki, patron Garba, Allah ya jiƙansa, yana da wata jarrabawa da yake yi wa kowa kafin ya bar shi ya taɓa inji. Sai ya ɗauki kwalbar lemo, ya jefa ƙwayar gujiya ciki, ya naɗe kwalbar da baƙin tsumma, ya kafa ta cikin rairayi a karkace. Ya ce ka fito da ita, ba ka taɓa kwalba, ba ka kwance tsumma. Ga waya, ga tsinke, ga giris, ka zaɓa. Na daɗe a gaban kwalbar nan ina zufa, shi kuwa yana kurɓar shayinsa yana ce wa masu wucewa wai kamun kifi nake. A lokacin na ɗauka mugunta ce irin ta manya. Daga baya na gane so yake yatsuna su koyi jin abin da ido bai kai ba, kuma har yau in na zura waya cikin rami ina iya faɗa maka ko ƙarfe na taɓa ko datti.

Abubuwan da na ga sun faɗa cikin silinda suna da yawa. Rondel, wato washa, ɓallin farin tangaran na jikin buji, kan turnebis na kwance ƙusa da ya karye, har gidan zanzaro na taɓa tararwa a motar da ta daɗe a ajiye. Dokar farko guda ce, kuma ita mutane suka fi karyawa: kada ka tada motar. Cikin silinda piston ne ke hawa yana sauka, a samansa kuma kilas, wato murfin inji, kuma in piston ya kai ƙarshen hawansa ɗan wurin da ya rage tsakaninsu kaɗan ne ƙwarai. Duk abin da ya tarar a nan daka shi zai yi kamar turmi da taɓarya, ya fasa kansa ko ya lanƙwasa supap, ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi. Maganin da kowa ya sani shi ne a kwance kilas a ɗaga, a sa hannu a ɗauke abin, a shimfiɗa sabon juwan wanda ke hana ruwa da wuta haɗuwa, a mayar a ɗaure. Aikin wuni ne in akwai kaya.

To, abin ya faru ne a shekarar da babu kaya. Kun tuna lokacin da iyaka ta rufe, manyan motoci suka daina shigowa daga bakin teku. Mu a garaji mun ji jiki. Tsohon filta muke wankewa mu mayar, tiyo in ya fashe mu naɗe shi da roba mu yi addu'a. Juwan kilas na tsofaffin motoci kuwa ko a mafarki. Na sha zagaya masu sayar da kayan gyara, har ƙetaren gada wajen Lamorde, kowa sai ya buɗe mini tafin hannu. Motoci suka yi ta taruwa a gaban garaji, awaki suna hutawa a ƙarƙashinsu.

Baba Hamani Bazabarme ne na Tondibiya, dogo, siriri, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" yake ce musu, ba ruwansa. Yana da tsohuwar bashe fara, irin ƙaramar motar kayan nan mai buɗaɗɗen baya, wadda ta girmi yawancinku. Kullum da safe yakan loda salati da albasa da yalo na matan da ke noman garka a bakin gulbi, ya kawo kasuwar Lazaret, matan suna zaune bisa buhuna suna ta hira. A ƙarshen nan ba don abinci yake yi ba, ɗansa Bubakar ma'aikaci ne a wani biro, wato ofis, yana iya riƙe gidan. Yana yi ne don tun yana saurayi yake tuƙi, kuma in ka raba shi da wannan tafiyar ta safe ban san abin da ka bar masa ba.

Injin motar nan babu inda hannuna bai shiga ba. Kilas ɗinta an kankare shi har babu sauran naman da za a ci, ga kuma wata tsaga da aka like da wuta. Irin wannan injin kuwa silindojinsa zura su ake yi, muna ce musu shemiz, in ka ɗaga kilas suka motsa sai ruwa ya fara sauka cikin mai. Buɗewar ƙarshe da na yi mata, Bubakar ya zo garaji da kansa, da takalminsa mai ƙyalli, ya tsaya cikin rana ya yi magana a gabana. Ya ce mahaifinsa ya tsufa, hanya ta cika da ƴan moto, masu babur marasa hankali, shi kullum gabansa faɗuwa yake har sai ya ji an dawo lafiya. Ya ce wannan ne karo na ƙarshe: ranar da aka sake ɗaga kilas ɗin motar nan, ta tafi wajen masu sayen ruɓaɓɓen ƙarfe, Baba kuma ya zauna gida. Baba Hamani ya yarda, har ya sa ni shaida, don a ganinsa ranar ba za ta zo ba. Ban ga laifin Bubakar ba, amma ban so aka sa ni a tsakiya ba.

Wata Laraba da hantsi wayata ta yi ƙara. Baba Hamani ne, ko gaisuwa bai ƙarasa ba, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce in ɗauko kayana in zo Tondibiya, kada in tambaye shi komai a waya. Na ɗaure akwatin kile, wato sifana, a bayan moto na kama hanya. Na same shi ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa, kapo, murfin gaban motar, a buɗe, mutane sun kewaye motar suna magana ƙasa-ƙasa. Limamin unguwa yana tsaye gefe, ya rungume hannu, fuskarsa duk babu daɗi.

Ga yadda aka yi. Laraba ba ya zuwa kasuwa, ranar gyaran buji ce. Tsofaffin direbobi suna da wannan al'ada: su cire buji, su gasa shi a garwashin shayi, su kankare bakinsa da reza. A saman kowane buji akwai wani ɗan abu na tagulla da ake murɗawa, inda wayar wuta take kamawa, mu hula muke ce masa, girmansa kamar ƙwayar wake. Baba ya kwance hular don ya goge koren da ya taru a jikinta. Kun san ƙasarmu rairayi ce, abin da ya faɗi ta haɗiye shi, shi ya sa duk wanda ya koyi aiki a zamaninmu a baki yake ajiye ƙananan kaya. Ni kaina na sha yin ciniki da ekuru, wato noti, a kumatu. Baba ya sa hular tsakanin leɓɓansa, ya sunkuya bisa inji yana share bakin ramin da tsumma. Daidai nan liman ya zo wucewa ta bayansa, ya rangaɗa sallama. Baba ya amsa. A irin wannan injin buji yana can ƙasan wani dogon bututu, duk abin da ya kama bakinsa sai ya kai shi har ciki. Ya ce ya ji ƴar ƙarar saukarta, ƙil, shi ke nan.

Na ce, "Haba Baba, da ka ɗaga mishi hannu mana, ka amsa daga baya."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Liman ne fa, Isufu. In ɗaga mishi hannu kamar mai tsaida taksi? Sallama ba shi jira."

Liman ya ce shi ma da ya sani da ya yi gyaran murya tukuna. Bawan Allah ya shiga damuwa, duk wanda ya gamu da shi sai ya ba shi labari yana neman a taya su da addu'a, ta haka magana ta kai kunnen ƴar Baba da ke aure a birni, ita kuma ta kai wa Bubakar. Har ya aiko cewa in ya tashi daga aiki da yamma yana nan tafe, da mai motar da za ta ja bashe. Baba ya ja ni bayan mangwaro, ya riƙe hannuna da ƙarfi.

Ya ce, "Ka fidda shi ta inda ya shiga. In ka ɗaga kilas, ni ka ajiye."

Abin da na fara yi shi ne cire wayar batir, na kuma jefa makulli a aljihuna. A duk taro ba a rasa mai cewa a tada ta kawai, za ta tofar da abin ta bututun hayaƙi, kuma ban rufe baki ba wani mai sayar da ciyawa ya faɗi haka. Na zura maganaɗisu, ba don ina sa rai ba, na san tagulla ba ta amsa kiransa, sai don mutane su gani su bar ni in yi aiki. Ya fito da baƙin garin ƙarfe kawai. Na shafa giris a bakin waya na zura, na ji kan piston, na ji kaushin dattin da ya ƙone a kai, na lalube tsakiya kaf, babu hula babu dalilinta. Nan abin ya fara jan hankalina, har na manta da yunwa. Ramin da bai kai faɗin kwanon sha ba, ina abu zai ɓuya a ciki?

Na tsaya na dubi injin da kyau kamar ranar na fara ganinsa. A kishingiɗe yake cikin motar, ba a tsaye ba. Na sa aka kawo mini gwangwanin tumatir, na kafa shi cikin rairayi a karkace daidai yadda injin ya kwanta, na kwance hular wani bujin na jefa ciki. Ta gangara ta kwanta a lungun ƙasa, ta jingina da bango. Na sake jefawa, ta sake komawa can. Mutane suka fara dariya, wai an kira bakanike daga birni ya zo yana wasan yara. Ban kula su ba, don na samu abin da nake nema: hular tana lungun da miƙaƙƙiyar waya ba za ta taɓa kai wa ba. Don in tabbatar, na kafa dogon turnebis a jikin inji, na ɗora kunne a kan maƙallinsa, na ce wa mazan wurin su girgiza motar a hankali. Can ciki na ji ta, tsik, tsik, tana mirginawa. Wallahi na ji daɗin wannan ƙarar, don ta nuna mini hular sake take, ba ta maƙale ba.

Daga nan na ɗauko siririn tiyo irin wanda ake ƙarin ruwa da shi a likita, kullum akwai shi a akwatina. Na ɗumama bakinsa a garwashi na lanƙwasa, na zura shi ya nufi lungun, na kafa baki ina zuƙa. Ɗanɗanon mai da toka ba abin da zan so wa maƙiyi ba ne. Na ji wani abu ya toshe bakin tiyon, na ja a hankali ina riƙe da numfashi, sai da ya zo daidai ƙofar rami na ji ƙil, ta koma. Na sake, ta sake komawa. Baba yana tsugune kusa da taya, duk sanda ya ji ƙarar sai ya ce "Irkoy", wato Allah da Zabarmanci, bai ƙara komai a kai.

Maimakon in ci gaba da shan toka, na koma wajen gwangwanina. Na gwada tiyon da ɗaya hular a fili ina kallo, nan take na ga matsalar. Hular buji rami ne da ita daga kai har gindi, inda take murɗuwa. In tiyo ya kama bakinta iska ta bi ramin ta wuce, ba ya riƙe ta. Sai ta gefe yake kama ta, in kuwa ta taso a gicciye sai ta bugi bakin rami ta faɗi. Ashe dole ta fito a tsaye, yadda ta shiga. Na jujjuya ta a tafin hannuna ina leƙen ramin, sai na ga ai wannan ramin da ya ɓata mini aiki shi ne kaɗai mariƙin da take da shi. In na samu abin da zai shiga ciki ya cije, magana ta ƙare. Amma kafin nan sai na kawo ta ƙarƙashin ƙofa, kuma sai na gan ta da idona.

Kawo ta kusa shi ya fi sauƙi. Na kafa kile a gaban inji ina juya shi da hannu kaɗan-kaɗan, na sa kara cikin ramin yana nuna mini yadda piston ke hawa. Na tsaya tun da sauran wuri, don in na wuce gona da iri ni da kaina zan daka ta. Fito da ita daga lungu kuwa sai da unguwa ta taru. Tun da ba zan iya miƙe injin ba, na ce a karkata motar. Muka tura ta zuwa gangaren da ke sauka bakin gulbi, muka tsayar da ita a gicciye, gefen da injin ya kwanta yana sama. Na ƙara da kirik na ɗaga mota da tubala, aka ɗaure ta da igiyar rijiya a jikin wata bishiya, ƙarti suka riƙe. Baba ya yi ta zagaye yana cewa a yi hankali, motar ba ta iya iyo ba. Na ɗiga giris a tsakiyar kan piston, ba don ya ɗago hular ba, sai don in ta iso ya riƙe mata ƙafa. Muka girgiza, na saurara, ƙarar ta yi ta yi ta ɗauke.

Saura gani. Fitila ba ta aiki a ramin buji, in ka haska da ita ta tare maka ido, in ka kawar da ita duhu ya dawo. Rana ake aro. Inna Haisa, matar Baba, ta fito da madubinta tana mita, wai yau kayan ɗakinta sun shiga kanikanci. Na duba wanda zai riƙe, liman ya miƙo hannu kafin kowa. Na tsayar da shi cikin rana, na nuna masa yadda zai karya hasken ya zuba shi cikin bututun. Da farko hasken yana yawo a kapo da fuskata, har ya saitu. Na rufe ido ɗaya na leƙa. Ga ta can, kwance cikin giris, gefenta yana ɗan ƙyalli. Na daɗe ina wannan aiki, amma ban taɓa ganin rana a cikin silindar da ba a buɗe ba sai ranar, kuma na tsaya kallon fiye da yadda aiki ya buƙata.

Wani masunci da ya hau daga gulbi ya miƙo mini ƴar ƙugiya da zare, ya ce da ita yake kama kifin da bai kai yatsa ba. Na gode masa na mayar. Ku riƙe wannan: ƙaramin abin da za ka aika cikin silinda, ka tabbata in ya tsinke wuta za ta cinye shi, in ba haka ba ka je neman ɗaya ka bar biyu. Idona ya faɗa kan tsintsiyar kabar Inna Haisa da ke jingine a ƙofar gida. Tsinken tsintsiya siriri ne a baki, yana ƙara kauri zuwa gindi, yana lanƙwasa bai karye ba. Na zare masu kyau, Inna ta ce to, madubi ya tafi, tsintsiya ta tafi, saura tukunya. Na jiƙa tsinken, na ɗumama bakinsa na ba shi ɗan lanƙwasa, na gwada da hular gwangwani. Ya shiga, ya wuce, ya cije a inda ya yi kauri. Na ɗaga, ta biyo shi a tsaye.

A gwangwani ke nan. A cikin inji labari ya sha bamban, don da tsinke ya shiga rami rabin hasken ya tafi. Sai na juya hular da bakin tsinke har raminta ya fuskance ni, ita kuma tana noƙewa. Na farko ya shiga, na matsa da gaggawa, ya karye, guntun ya zauna ciki. Ban damu da shi ba, abincin wuta ne. Ana cikin haka lokacin azahar ya yi, liman ya ajiye madubi ya ce salla ba ta jiran tagulla, muka bar motar rataye da igiya muka tafi masallaci. Da muka dawo rana ta gusa, sai da liman ya hau kan turmi kafin ya kamo ta. Ba zan manta da shi ba, dattijo da rawani a kan turmi, zufa na zuba, ya ƙi yarda kowa ya karɓe shi.

Wanda ya yi aikin wani tsinke ne da na kusa yarwa don ya cika laushi. Na ji bakinsa ya sami ramin, ba da ido ba, a yatsa na ji. Na tura a hankali, ya shige, ya lanƙwasa a kan piston ya ci gaba, har na ji ya yi tauri. Na daina numfashi. Na ja sama, giris ya riƙe, ya riƙe, ya saki. A ƙofar rami ta ɗan taɓa gefe, na murza tsinken kaɗan, ta shige. Ta fito cikin hasken liman tana lilo a bakin tsinken tsintsiya, baƙi ƙirin da giris. Wurin ya kaure da hamdala, matan garka suka rangaɗa guɗa.

Mun sauke motar, mun mayar da ita ƙarƙashin mangwaro, ina wanke hular da mai, sai ga Bubakar ya iso tun kafin lokacin da ya faɗa, mai motar ja yana biye da shi. Ya dubi inji, ya ga kilas a ɗaure, ko ƙusa ɗaya ba a taɓa ba. Na ba shi labari a taƙaice. Ya gyaɗa kai, ya ce alkawari alkawari ne, ya sallami mai motar ja. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na je wajen Baba da ke zaune a tabarma, na ce ga ɓarauniyar, na ɗora masa hular a tafin hannu.

Ta zame ta faɗi a tabarma. Ta tsaya dab da babban yatsan ƙafarsa, wankakkiya, tana ƙyalli, kowa a wurin yana ganinta. Baba ya sunkuya, ya kai hannu can wani gefe, ya fara shafa tabarmar. Ya shafa dama, ya shafa hagu, fuskarsa tana kallon daidai inda take, bai gan ta ba. Guɗar ta mutu. Na rasa inda zan sa idona.

Bubakar ne ya durƙusa ya ɗauka, ya sa a hannun mahaifinsa, ya naɗe masa yatsu a kai.

Ya ce a hankali, "Baba, tun yaushe?"

"Tun damina."

"Hanya fa?"

"Hanya na san shi. Mota ma ya san shi."

 Na karɓi hular na murɗa a bujinta, na ɗaure, na mayar da wayar batir. Na murɗa makulli, bashe ta yi tari, ta tofar da ɗan farin hayaƙi, ta zauna daram, silinda huɗu suna amsa juna. Baba ya taso ya dafa kapo, ya karkata kai yana saurare, ya ce in rage mata iska kaɗan. Na rage, kuma shi ke da gaskiya.

Na kashe, na miƙa masa makulli, na ce sai mu ɗan zagaya in ji ta a hanya. Bubakar bai hana ba, ya riga ya ba da kalmarsa a gaban mutane, kuma ba irin wanda ke janyewa ba ne. Baba ya tsaya a ƙofar direba, makulli a hannu, ya daɗe. Sannan ya juya ya miƙa wa ɗansa.

Ya ce, "Gobe matan nan suna da salati. Ka zo da wuri, kafin biro. Yanzu shiga in nuna maka halinshi."

Ya zagaya ta gaban motar yana dafa ta, ya shiga ta ɗaya ƙofar ya zauna a tsakiya, ni na zauna a gefe. Na yi baƙin ciki, ba zan ce ban yi ba, wuni guda ina kokawa da tagulla don kada a ajiye mutumin nan. Bubakar ya tada mota, ta yi tsalle ta mutu, ya sake tadawa. Muka hau hanya tana gurnani, Baba yana ce masa ya canza giya, ba ya jin tana roƙonsa ne. Na sunkuyar da kai don kada su ga fuskata, sai idona ya faɗa kan ƙafar Baba ta hagu. Duk inda motar ta nemi canji, ƙafar sai ta ɗaga, ta taka ƙasan motar a hankali kamar shi ke tuƙi, ta saki.